Kalangun da Ya Makara a Kunne

Ranar Lahadi ce Ashafa mahauci ya zo soron gidan Ɗalha makaɗi a Koki, ya tsuguna ya gaida shi, ya faɗi saƙon manya. Ran Asabar za a naɗa sabon Sarkin Fawa a kasuwarsu, kuma tun kaka da kakanni ba a taɓa naɗa wani a gidan sarautar ba sai da kalangun gidan su Ɗalha. Sai dai kowa ya san hawan jini ya kayar da tsohon wata bakwai da suka wuce, ya taɓa masa hannun dama, hannun da yake riƙe sandar kiɗa da shi. Shi ya sa aka ce a ji daga bakinsa. In zai iya, to. In ba zai iya ba, a aika Wudil a ɗauko wasu makaɗan tun da sauran lokaci.

Ɗalha ya ce ya dawo ran Laraba bayan La'asar.

Tsohon bai yarda da shaidar kowa ba. Duk wanda ya ji yana taɓa kalangu a ɗaki sai ya ce, "Kai, Baba, ai hannu ya dawo," shi kuwa ya san tausayi ne ke magana. Ko Ɗahiru, ɗan ƙaninsa da ke riƙe masa ɗan karɓi yanzu, wato ƙaramin kalangun da ke tsare ma'aunin kiɗa, in ya ji baffansa ya yi nawa sai ya sassauta hannu ya jira shi. Don haka Ɗalha ya aika Madabo a kirawo masa 'yarsa Bahijja, wadda ke koyar da kwamfuta a wata makarantar 'yan mata. 'Yar fari ce, ba ya faɗar sunanta, Malama yake ce mata, rabi girmamawa rabi tsokana.

A wayarta akwai kiɗan Mikail, ƙanin Ɗalha, wanda ta ɗauka watanni kaɗan kafin rasuwarsa, yana zaune shi kaɗai a soron nan yana buga ɗan karɓi. Shekara arba'in suna kiɗa tare, kuma Mikail bai taɓa jiran kowa ba.

"Ki sa mini shi a kunne, in bi shi, na'urarku ta ɗauka," in ji Ɗalha. "Sannan in zauna in saurare mu mu biyu. In na bi shi, zan je. In ban bi shi ba, an gama kiɗa a gidan nan, ki ce wa Ɗahiru ya nemi ubangida."

Ta ce ko su je situdiyo. Ya ce kafin magariba duk Koki ta ji cewa an kai Ɗalha gwaji.

To, Bahijja ta iya kwamfuta, amma ta rubutu da lissafi. Ba ta taɓa ɗaukar sauti ba. Wani abokin aikinta, Malam Bashir, ya ara mata makirfo da abin kunne da wani ɗan akwatin ƙarfe da ake jona su a ciki, ya rubuta mata sunan manhajar da za ta sauko da ita, irin wadda ba a saye, kowa ya ɗauka kyauta, mai ilimin abin ma ya buɗe cikinta ya gyara. Daga nan ya tafi ƙauyensu ta'aziyya, inda waya ba ta shiga. Abin da bai gaya mata ba shi ne, kayan da ba a saye, ba shi da kantin da za ka koma ka yi ƙorafi. Ranar Litinin manhajar ta ƙi ganin makirfo. Da ƙyar ta gano sai an fara tayar da wata manhajar ta biyu, wadda ke raba wa sauti hanya. Ranar Talata makirfo ya ji, abin kunne ya kurmance, domin ba ta ja layin da ke haɗa wannan da wancan ba. Ta wuni tana karanta maganganun mutanen da ba ta sani ba a dandalin intanet, kowa da tasa, wani ma faɗa yake yi wa mai tambaya don bai karanta littafin bayani ba. A wani wuri aka nuna mata jerin lambobi aka ce ta zaɓi ɗaya. Babu wanda ya ce mata ga amfaninsu. Ta duba, ta zaɓi wadda ta fi duka girma, dubu huɗu da casa'in da shida, don ba a ɗibar wa uba ƙaramin kaso. Sauti ya fito tas, ta yi hamdala ta rufe.

Laraba da hantsi ta shimfiɗa tabarma a soro, ta ɗora kwamfuta a kan kujerar tsuguno. Ɗalha ya fito da wankakkiyar riga, ya rataya kalangu, ya matse shi a hammatar hagu. Yayarsa 'Yardada, wadda ta girme shi da shekara shida kuma ba ta bari ya manta, ta jawo kujerarta bakin ƙofar cikin gida tana ɓarar gyaɗa.

"An sa wa tsoho linzami," ta ce da ta ga an ɗora masa abin kunne a kan hula.

"Ke dai ki ji da gyaɗarki."

Bahijja ta danna. Ba ta jin Mikail, yana cikin kunnen mahaifinta ne kawai, amma ta ga kan tsohon ya fara lilo, ya ɗaga sanda. Bugu na farko ya sauka daram. Na biyu ma haka. A na huɗu sai ta ga girarsa ta haɗe. Hannun ya tsaya a sama kamar mai jiran wani ya wuce, ya sauka, ya sake tsayawa. Tsirkiyoyin kalangun suna ta kuka a hammatarsa, amma maganar da ke fitowa ba ta da kai ba ta da gindi. Bai yi minti biyu ba ya ajiye sandar.

"Sa mu ji."

Ta cire abin kunnen daga akwati ta jona 'yar lasifika. Ɗan karɓin Mikail ya cika soron, tsaf, ba gaba ba baya. A bayansa kuwa ga wani kalangu yana ɗingishi, ya taɓo nan ya saki can. 'Yardada ta daina ɓarar gyaɗa. Ko jiya da Bahijja ta leƙo ta tarar da shi yana taɓawa a ɗaki, bai yi muni haka ba.

"Baba, me ka ji a kunnen?"

"Ina bugawa, sai in ji wani ya maimaita a bayana. In na jira shi, Mikail ya wuce. In na bi Mikail, shi kuma ya taka mini ƙafa." Ya dubi tafin hannunsa, ya juya shi. "Likita ya ce saƙo ne ke makara tsakanin kai da hannu. Yau na ji shi da kunnena."

"Amsa-kuwwa ce, Baba. Soron ne."

"Shekara nawa nake kiɗa a soron nan?"

Ta ɗauki waya ta rubuta kalmar da ta sani ta Turanci, echo, ta tambayi mutanen dandalin. Amsa ta zo da yawa, kuma bakinsu ɗaya: ɗaki mai fanko ne ke jawo haka, a rufe bango da abu mai kauri. Ta shiga cikin gida ta kwaso barguna uku da darduma da tsohuwar katifa, ta buga ƙusa, ta rataya, ta toshe 'yar tagar sama da matashi. Soro ya yi duhu, ya ɗau zafi. Ɗalha yana zaune yana kallonta, zufa na bin gemunsa.

Aka sake. Wannan karon bai kai minti ɗaya ba. Ya cire abin kunnen da kansa, ya ajiye shi a hankali kamar kayan aro da yake, ya sauke kalangu daga kafaɗa ya jingine shi a bango, fuskarsa na kallon ƙasa.

"Baba, ka ƙara mini sau ɗaya."

"Malama, kin yi ƙoƙari. Na nemi shaidar da ba ta jin kunyata, na kuwa samu." Aka kira Azahar a masallacin unguwa. Ya miƙe, ya laluba takalmi. "In Ashafa ya riga ni dawowa, ki ce masa su aika Wudil."

Ya fita. Ta san ba zai dawo ba sai ya haɗa da La'asar, don in ransa ya ɓaci a masallaci yake zama.

Ta yi sallah a gaggauce ta dawo. Ta kira Malam Bashir sau huɗu, ba ta shiga. Ta sa abin kunnen a kanta, ta ce "Bismillahi" a makirfo, ta ji muryarta ta dawo mata, wata iri, amma ba ta iya cewa ga abin da ke damunta ba. Ta ƙara bargo. Ta matsar da makirfo kusurwa. Ta shiga wani shafi da ya ce a buɗe baƙin allo a rubuta umarni, ta kwafa ta liƙa ba tare da ta san me take cewa ba, sai sautin ya ɗauke gaba ɗaya. Kusan rabin awa ta yi kafin ta mayar da shi yadda yake. Inuwar katangar maƙwabta ta riga ta fara hawa dakalin ƙofar gida.

"Wai me yake ji ne a ciki?" in ji 'Yardada. "Ba ni nan in ji abin da ya kayar da jarumin."

"Gwaggo, ba lokacin wasa ba ne."

"Wa ya ce miki wasa nake? Miƙo."

Ta ɗora mata a kan ɗankwali. Tsohuwar ta ɗauki ludayin da ke cikin kwanon gyaɗa ta ƙwanƙwasa gefen kwanon a gaban makirfo. Ta saurara. Ta sake ƙwanƙwasawa, idonta a kan ludayin.

"Wannan ce amsa-kuwwar taki?"

"Ita ce."

"Kin taɓa leƙa rijiya kin yi magana? Amsa-kuwwa wutsiya take ja, ta yi ta raguwa har ta mutu. Wannan guda ɗaya ne, cikakke, makara kawai yake yi." Ta cire abin ta miƙa mata. "Muna yara in an aike mu bayan ganuwa, sai mu hango mata suna daka can nesa. Ki ga taɓarya ta sauka a turmi, sai ta ɗago sannan ki ji tim. Ba wanda ya ce matar ce ba ta iya daka ba. Nisa ne. Wannan abin naki, ta ina yake zagayawa da sautin kafin ya kawo shi kunne? Ta Ƙofar Ruwa?"

Bahijja ta tsaya da abin kunnen a hannu. Tun safe tambayar da ba daidai ba take yi, su kuma suna ba ta amsar abin da ta tambaya. Ta goge echo, ta rubuta da Turancinta na aji cewa sautin yana makara kafin ya iso kunne. Shafin farko da ya buɗe ya ba ta sunan ciwon, latency, ya kuma nuna mata hoton jerin lambobin nan na ran Talata. Ashe lambar mudu ce. Kwamfuta ba ta miƙa sauti sai ta tara ya cika mudun, sannan ta juye a kunne. In mudu ya yi girma, sai an jira. Ita kuwa da hannunta ta zaɓi wanda ya fi kowanne girma.

Ta sauko da lambar can ƙasa, sittin da huɗu. Ta ƙwanƙwasa kwano, sauti ya zo tare da ludayi, sai dai yana tafe da ƙarar tsartsatsi kamar ana soya wainar fulawa, wani jan rubutu yana ta ƙirga kurakurai a gefen allo. Tsohuwar kwamfutar ba za ta iya wannan gudun ba. Ta hau ɗari da ashirin da takwas, tsartsatsin ya ragu bai tafi ba. Tana cikin haka aka kira La'asar. Ta kashe intanet, ta rufe duk wani abu da ke buɗe, ta sa ɗari biyu da hamsin da shida. Ta ƙwanƙwasa. Shiru, sai ƙarar kwano, a kan lokacinta. Ta bar shi yana tafiya ta je ta yi sallah, tana idarwa ta dawo ta duba, jan rubutun bai motsa ba.

Muryar mahaifinta ta ji a waje, da wata muryar tare da ita. Ashafa ya tare shi a hanya. Ta yi wuf ta leƙa.

"Sannu da zuwa, Malam Ashafa. Don Allah a ɗan zauna a dakali, Gwaggo na son magana da Baba."

"Ni?" in ji 'Yardada daga ciki. Sai kuma ta gyara murya. "Ni ce. Shigo, Ɗalha."

Ya shigo yana duban su ɗaya bayan ɗaya. Bahijja ta durƙusa.

"Baba, kuskuren nawa ne. Ni na saita abin ba daidai ba, shi yake riƙe sautin kafin ya ba ka. Na gyara."

"Ɗazu soro ne, yanzu ke ce." Ya yi maganar ƙasa-ƙasa don kada na waje ya ji. "Ban haife ki don ki yi mini ƙarya saboda tausayi ba. Mutum na jira, tashi."

Ba ta tashi ba. Tunda take ba ta taɓa musa masa ba sai yau.

"Hannunka na hagu, ciwon ya taɓa shi?"

"Lafiyarsa ƙalau."

"To ka buga mini sau ɗaya da shi. In ban nuna maka ba, ni da kaina zan fita in sallami Malam Ashafa."

"Buga mata mana," in ji 'Yardada. "Ko shi ma tsoro yake ji?"

Ya harare ta, ya zauna. Bahijja ta mayar da babbar lambar ta safe, ta sa masa abin kunne, ta ajiye kalangun a cinyarsa. Ya ɗaga hagu ya ɗora yatsu a fatar, ɗaya. Ta ga idonsa ya ƙanƙance. Ya sake, yana kallon hannun.

"Ya makara," ya ce.

"Shi ma ciwon ne?"

Ta canza lambar, ta ce ya sake. Ya buga. Ya buga sau uku a jere. Ya ɗago ya dube ta, duban da ba ta iya fassarawa ba, sannan ya miƙa hannu ya ɗauki sandar da dama, ya rataya kalangu.

"Sako Mikail."

Ta danna, idonta rabi a kansa rabi a kan jan rubutun. Wannan karon da sandar ta sauka ba ta tsaya jiran kowa ba. Kalangu ya buɗe baki ya kira taken mahauta ɗaya bayan ɗaya, hammata na matsewa tana saki, har 'Yardada ta fara motsa leɓe tana faɗar sunayen masu taken, waɗanda yawancinsu sun daɗe a ƙasa. A waje an ji Ashafa ya yi gyaran murya ya matso bakin ƙofa. Minti shida tsohon ya yi, sannan ya shiga taken Sarkin Fawa, ya kai wurin da su a gidansu suke kira gangara, inda kiɗan ke ninka sauri. Ya fita daga ciki, ya rufe, ya sauke hannu yana haki.

"Sa mu ji."

Suka saurara su uku. 'Yan'uwan biyu suna tafe kafaɗa da kafaɗa, ba mai taka wani. Bahijja ta fara sakin numfashi. Sai aka zo gangara. A nan, bugu uku ko huɗu, babban kalangun ya zame baya, kaɗan, ya sake kamowa. Wanda ba ɗan gida ba ba zai ji ba. Ita ta ji, ta kuma san ya ji.

"Mayar da shi baya."

Ta mayar. Suka sake ji.

"Wannan fa, Malama? Lambar ce?"

Ta dubi allo. Jan rubutun yana nan inda yake, bai ƙirga ko ɗaya ba. Da ta ce lambar ce, zai yarda, don yanzu ya ga abin da lamba ke iya yi. 'Yardada ta sunkuyar da kai tana tsintar ɓawon gyaɗa a zaninta.

"A'a, Baba. Wannan hannunka ne."

Ya gyaɗa kai a hankali, ya daɗe yana murza yatsun dama da na hagu. Daga nan ya ɗaga murya.

"Ashafa, shigo."

Mahaucin ya shigo ya tsuguna, yana kallon barguna da katifar da ke rataye a bango, bai dai tambaya ba.

"Ka ce wa manya ina zuwa ran Asabar, ni da Ɗahiru. Amma ka gaya musu gaskiya, hannuna ya ragu a gangara. In ya zame a gaban jama'a, kada wani ya ce ban faɗa ba. In sun ga su aika Wudil duk da haka, ban riƙe su ba."

"Haba, Baba, ai abin da na ji daga waje..."

"Ba abin da ka ji na aike ka da shi ba. Abin da na faɗa za ka kai."

"To, Baba. In sha Allahu."

Da ya fita, Ɗalha ya juyo wajen 'yarsa. "Gobe da jibi kina da aji da safe?"

"Sai ƙarfe goma sha ɗaya."

"Ki zo da bakwai. Gangarar kaɗai za ki yanko mini, ki yi ta maimaita ta. Kada ki taɓa lambar nan." Ya nuna bango da sandar kiɗa. "Ki kuma sauke wa mutane kayan shimfiɗarsu, zafi zai kashe mu."